Awon Nauyi a Casper

Tirelar Wendell ce, tafi-da-gidanka mai ƙafa ashirin da shida.
Shekara biyu tana tsugune a bayan gareji,
ciyawa har ta fito tsakanin tayoyinta.
Ran Talata na ce: to, ko in sayar, ko in ja.

Orrin Tveit, mai shagon ƙarafa a bakin gari,
bai ce mini ya haƙuri ba.
Cewa ya yi, "Nawa ne nauyin bakinta?"
Na ce ban sani ba.
"Kowa haka yake cewa. Je ki sikelin manyan motoci,
ki cika tankin ruwa, ki zuba tukwane da barguna,
ki auna ta yadda za ta yi tafiya,
ba yadda takardar kamfani ta yabe ta ba."

Na je. Fam dubu shida da ɗari huɗu.
A baki kuwa, inda take dafa motar, ɗari bakwai da tamanin.
Na rubuta a bayan rasit ɗin mai.

Da na ɗora ta kan dunƙulen ƙarfen nan tsurarsa
ƙugun akori-kurar ya durƙusa,
hancinta ya ɗaga kamar ta ji wari,
fitilu suna kallon saman itatuwa.
Orrin ya sa tef a kan tayar gaba: inci ɗaya da rabi.
"Nan sitiyarinki yake," in ji shi.
"Tayar da ba ta taka ƙasa sosai ba ta jin magana."

Na sani.
Na san ranar, kusa da Elk Mountain,
iska ta gefe, doguwar mota ta wuce mu fuu,
tirelar ta fara kaɗa wutsiya,
hagu, dama, hagu mai nisa,
Wendell ya yi wani shiru da ban san shi da shi ba,
yatsunsa biyu suna lalubar birkin tirela.
Da muka tsaya, kwalbar zuma ta fashe a kabad.
Bai sake zancen ba. Ni ma.

Maɗauri uku Orrin ya shimfiɗa a kan kanta.
Mai sarƙa, da araha, amma sai an ƙara masa sandar hana lilo,
a sauka a kwance ta in za a yi ribas.
Mai sanduna biyu masu gugar ƙarfe,
yana kuka a kwana kamar ƙofar da ta shekara ba mai.
Na ukun, kuɗinsa dariya ya ba ni.

Na nuna sandunan fam dubu da ɗari huɗu. Gara babba.
Ya girgiza kai.
"Takalmin da ya fi ƙafa shi ma kayarwa yake.
Za su ƙage, su riƙa dukan ƙashin tirelar a kowane rami.
Na dubu sun ishe ki."

Na ɗauki mai kukan.
Gidana ya ƙoshi da shiru.

Ya sa na ɗaura da hannuna, sau uku,
jak sama, sanda kan mazauninta, fil a rami,
har giris ya shige ƙarƙashin zobena.
Muka sake sa tef. Gaba ya sauko, saura kwatan inci.
"Ba abin da ya ragu," in ji shi. "Kayan na nan.
Tayoyin gaba sun karɓi nasu, na tirela sun karɓi nasu,
shi ke nan."

Ran Asabar na kama hanyar Rawlins.
Bayan Muddy Gap iska ta zo ta dafa mu,
motar shanu ta wuce,
na ji turi guda ɗaya, mota da tirela tare,
sai ya sake mu.
Na duba madubi. Tana biye, miƙe.

A gidan mai na karya kwana, ƙarfen ya ce ƙiiii,
wani yaro ya toshe kunnuwa.
Na sauka gwiwoyina na rawa,
na zagaya, na buɗe kabad.
Zumar tana tsaye.